Ka Dawo Ka Kashe Mana Ƙofar Maraba

Zuwa ga Mai Girma Babban Baƙonmu, wanda ya tako har Tambuwal ya kunna mana wutar lantarki da hannunsa mai albarka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali da duk waɗanda Allah ya ɗora maka nauyinsu. Ranka ya daɗe, ban ambaci sunanka ba don bakina bai kai ba, kuma ko ban ambata ba, duk wanda ya sha rana a bakin gari ranar nan ya san da wa nake. Na zaɓi in rubuto a fili ne saboda na yi aikin gwamnati, na san yadda takarda take shiga ofis ta sami inuwa ta kwanta. Wadda aka buga a jarida kuwa, kafin ka gama karin kumallo wani ya kawo maka ita da gudu.

Sunana Muhammadu Ige, amma a nan Mai Waya ake ce mini, don a gidan waya na ƙare ƙuruciyata ina buga tangarahu har na yi ritaya. Gidana ne na farko a hannun dama idan ka shigo gari daga Sakkwato, mai doguwar waya ɗaure tsakanin giginya da dogon yaro. Ka gan ni ranar, ko da ba ka riƙe ni ba. Ni ne dattijon da hularsa ta faɗi garin tafi, bai kuwa tsaya ɗauka ba.

Ka yi mini afuwa idan rubutun nan ya riƙa rawa. Tun jiya da la'asar nake dariya ni kaɗai a zaure, har maƙwabta sun fara leƙowa su ga ko lafiya. Jiya na ji muryar 'yata. Ƙorafi na kawo maka, kuma babba ne, amma ƙorafi ne na mutumin da bakinsa ya ƙi rufuwa.

Na farko, godiya, don kada wani ya karanta ya ce Mai Waya ya zama butulu. Tun da aka ba mu jiharmu, arzikin mai ya fara biyo kwalta yana isowa, mun ga abubuwa iri-iri, amma ba mu ga kamar wutar nan ba. Na sha ruwan sanyi a tsakiyar bazara har haƙorana suka yi tsami, na kuma miƙa kofi aka ƙara. Na sayi fanka, na zauna gabanta ina karkata kai duk inda ta juya. Matata Hajara ta wuni tana kunna ƙwan ɗakinta tana kashewa, wai tana so ta ga ko zai gaji. Mai shayin bakin tasha ya sayi firiji tun bai san abin da zai sa a ciki ba, har yau hularsa da goronsa yake ajiyewa. Duk wannan ta hannunka ya zo mana, Allah ya saka da alheri.

Za ka tuna da ƙofar maraba da aka kafa maka a mashigar gari, wadda aka lanƙwasa da ƙarfe bisa hanya, aka jera mata ƙananan ƙwayayen lantarki ja da kore da rawaya, suka rubuta BARKA DA ZUWA. Za ka tuna da koren akwatin da ke gindinta. Nan ka danna makunni, ƙwayayen suka fara bin juna da gudu, suna kamawa suna mutuwa, makaɗa suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa. Daga nan aka rufe akwatin, aka sa mabuɗin cikin wani ɗan kube na fata da dukawanmu suka ɗinka, aka miƙa maka tsaraba. Ka ɗaga shi sama muka sake tafi, ka shiga mota ka tafi da shi.

Ranka ya daɗe, tun daga wannan rana ƙofar nan ba ta huta ba. Dare da rana tana yi maka barka da zuwa. Bazara ta wuce, an yi shuka, gero ya kai ƙugu, ita kuwa har yanzu tana nan tana ƙifta ido tana jiran motarka. Tsakaninta da zaurena bai fi jifan dutse ba.

Na biyu, sai in bayyana maka abin da ya haɗa ni da ita. Ina da rediyo, amma ba irin wanda kowa yake ratayawa a kafaɗa yana jin labarai ba. Nawa ana ji da shi, ana kuma magana da shi. Rediyon sha'awa ake ce masa, masu yinsa kuwa mutane ne irina a ƙasashe daban-daban, waɗanda ba su da aikin da ya fi musu daɗi kamar su kira wanda ba su taɓa gani ba su tambaye shi ko ana ruwa a garinsu. Wani injiniya ne ya koya mini tun ina gidan waya, na yi jarrabawa, hukuma ta ba ni lasisi, yana nan a bango cikin gilashi. Doguwar wayar nan da ke ƙofar gidana ita ce eriyar. Shekara da shekaru da baturan babbar mota nake aiki da shi, ina kai su tasha a yi mini caji, ina dawowa da ciwon baya.

Da wuta ta zo, murna ta ɗebe ni. Na jona babban akwatina na rediyo a bango, na tattara baturan nan da ƙaramin akwatin da na fara koyo da shi, na ɗora su a mota zuwa Kebbe, na ba abokina Malam Bello kyauta. Malam Bello shi ne malamin asibiti na can, mai kula da ɗakin shan magani. Ni na cusa masa wannan sha'awa har shi ma ya sami lasisinsa, sai dai bai taɓa mallakar akwati ba. Kebbe ba su da wuta tukuna, a injin niƙan garin yake cajin baturan. Ranar da muka fara gaisawa tsakanin Tambuwal da Kebbe ba tare da kowa ya hau babur ba, ni da shi muka rasa abin faɗa, sai tambayar juna lafiyar gida muke yi muna maimaitawa. Wannan kwana kaɗan ne kafin zuwanka, lokacin da aka saki wutar gwaji, ba a kunna ƙofar ba.

Ba don Malam Bello kaɗai na yi wannan kyauta ba. Autarmu Luba tana aure a Kebbe. Mijinta Malam Shehu malamin firamare ne, gidansu katanga ɗaya da ɗakin shan maganin. Yanzu sai in cire kunya in rataye, in faɗi a jarida abin da uba ba ya faɗa ko a zaurensa: Luba tana da juna biyu, kuma na fari ne. Bisa al'ada gida ya kamata ta dawo goyon ciki, uwarta ta kula da ita. Mun sa rana, Hajara ta share ɗaki ta tara itace. Sai ruwan bana ya zo da wuri, ya zo da ƙarfi, gulbi ya kawo, fadama ta cika, hanyar Kebbe ta zama abin da ka sani ko ka ji labari. Malam Bello ya hana a ɗora ta a babur ko a sa ta a kwalekwale haka kawai, kuma ya yi daidai. Hajara ta gwada zuwa da kanta. Motar ta kafe tun ba su ga ruwan ba, ta dawo da taɓo har gwiwa, gwiwar ma da ma ba lafiya gare ta ba.

Saboda haka muka yi shiri, ni da Malam Bello, ta bakin wani ɗan koli da ya haye da kayansa a ka. Kullum bayan la'asar zai kunna akwatinsa mu gaisa. Idan kuwa ranar ta zo abin ya zo da gardama, zai kira ni bayan kowace salla har in amsa, ni kuma in ruga asibitinmu na nan a tura mota ta jira a wannan gaɓar, su kuma su ɗauko ta a kan gado su haye da ita. Shiri ne mai kyau, ni ma da na tsara shi sai da na yaba wa kaina. Abu ɗaya kawai yake bukata, wato in ji abin da Malam Bello yake faɗa.

Na uku, ba na ji. Tun ranar bikinka, duk inda na murɗa akwatina ƙara ce ke fitowa, kamar an watsa ruwa cikin man gyaɗa mai zafi, ba ta tsayawa balle mutum ya tsinci kalma. Manyan tashoshi masu ƙarfi suna ratsa ta da ƙyar. Ƙaramin akwatin Malam Bello kuwa, da baturansa da suka tsufa a hannuna, ko tarinsa ba ya isowa.

Da farko kaina na zarga. Na buɗe akwatin na bi shi waya-waya, ban ga laifi ba. Na sauke eriya na goge, na juya ta gabas, na juya ta kudu, har giginyar ta san tafin hannuna. Na kafa sabon ƙarfe a ƙasa wajen makwararar ruwa inda damshi ba ya yankewa, na zuba masa gawayi da gishiri, na ɗaura masa wayar ƙasa mai kauri. Hajara ta ce gishirin miyarta ne, kuma gaskiyarta. Na naɗa wayar da ke shiga bango, na sa mata kwandansa, wato ɗan abin nan da ke shanye tartsatsin lantarki kafin ya shiga akwati. Ƙarar ta ɗan risina, kamar ta gaishe ni, ta ci gaba da abinta.

Daga nan na ɗauki ƙaramin rediyon hannu na shiga gari farauta, ina tafe ina kara shi a kunne ina juyi a tsakiyar hanya. Mutane suka ce ritaya ta fara taɓa Mai Waya. Na tsaya a kan mai injin niƙa har ya kashe injinsa, mata suna tsaye da kwanonin dawa suna harara ta, ƙara ba ta daina ba. Sai da na saya masa goro. Na sa mai walda ya ajiye aikinsa, na sa masu kanti suka kashe dogayen ƙwayayensu ɗaya bayan ɗaya, duk a banza. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk nisan da na yi da gida sai ƙarar ta ragu, in na juyo sai ta tarye ni tun daga nesa. Har na fara tunanin ko a jikin gidana take.

Ran nan gab da magariba ina zaune a dakali, rediyon hannu yana kan cinyata yana ta suyarsa, sai na lura ƙafata tana bin wani kiɗa. Ashe ƙarar tana da taki, tana hawa tana sauka. Na ɗaga kai, sai ga BARKA DA ZUWA tana gudu da wannan takin daidai, ja ya kama ƙara ta hau, kore ya kama ta sake hawa. Ranka ya daɗe, na yi wata da watanni ina neman ɓarawo a cikin gari, ashe yana ƙofar gidana sanye da kayan ado yana yi mini fari da ido. Na yi dariya har na ƙware.

Garba mai lantarki, wanda ya taya 'yan kwangila haɗa ƙofar kuma aka bar masa kula da wutar gari, shi ya gaya mini abin da ke cikin koren akwatin. Ban da makunnin da ka danna, akwai wani ɗan inji mai juya ganga, gangar tana taɓa wasu harsunan ƙarfe tana saki, shi ke sa ƙwayayen bin juna. Kowane taɓi da saki tartsatsi ne, kowane tartsatsi kuwa ƙaramar tashar rediyo ce wadda ba ta da lasisi, ba ta da labari sai ihu. Wayoyin ƙofar su watsa shi a iska, eriyata kuma ita ce kunne mafi kusa. Don biki na wuni ɗaya aka yi injin nan. Babu wanda ya yi zaton zai kai damina yana aiki, ni kaina ina jinjina wa wanda ya ƙera shi.

Wani zai ce to in jira a ɗauke wuta mana. Na jira. Idan aka ɗauke, ƙofar ta mutu, ƙarar ta mutu, akwatina ma ya mutu, don layinmu ɗaya, baturana kuwa suna Kebbe. Sai mu zauna ni da ita shiru muna kallon juna har a dawo da wuta mu tashi tare.

A Kebbe kuwa, inda babu lantarki balle tartsatsi, ɗan kolin nan ya tabbatar mini Malam Bello yana ji na tangaran. Tun da Hajara ta sami wannan labari na rasa kujerata. Kullum bayan la'asar sai ta yafa mayafi ta zo zaure ta karɓe abin magana, ta shiga jero wa Luba umarni: kada ta ɗauki tulu, kada ta yi daka, ta sha kunun kanwa, kada ta zauna a bakin ƙofa. Shekarunmu da yawa tare, ban taɓa ganin abin da ya dace da Hajara kamar na'urar da take magana ba a mayar mata ba. Amma idan ta gama ta saki maɓallin, sai ta kara kunne a lasifika, ƙarar nan tana zuba, ta daɗe a haka kafin ta tashi. Wannan ba ya ba ni dariya.

Na huɗu, kada ka ce ban bi ta ƙasa ba kafin in hau sama. Garba na fara samu, na ce ya hau turken lantarki ya cire wayar da ke ba ƙofar wuta, aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Ya dafe ƙirji ya ce, "Malam, wutar da babba yak kunna da hannu nai, ni wa na da za ni kashe ta? Gobe a ce Garba ya kashe ma Babban Baƙo wuta, ina za ni sa kaina garin ga?" Na ce to kada a kashe, a buɗe akwatin in sa wa harsunan nan kwandansa, ƙofa ta yi ta ƙiftawarta, ni in sami kunnena. Ya tuna mini cewa mabuɗin yana cikin kube, kuben yana wajenka. Fasa kwaɗon kuwa, a wurinsa, ya fi kashe wutar muni.

Na je ofishin hukuma. Aka ba ni kujera, aka ba ni ruwan sanyi daga sabon firiji, aka saurare ni da kyau. Babu wanda ya ce ƙarya nake. Kowa dai ya nuna mini na sama da shi, na saman ya ce abin da ya kunnu a hannun wanda ya fi shi, ba shi da bakin cewa a kashe. Na je wurin dattawan gari, waɗanda tare muka yi wasan ƙasa da wasunsu. Babbansu ya ji ni har ƙarshe, ya yi wa Luba addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Mamman, ba a yin haka nan. Mutum yaz zo har gida yam mutunta mu, shi juya baya mu busa mai fitila?"

Ka ga inda muka tsaya. Ba mugunta ba ce, ba kuma rashin tausayi ba. Mu mutanen nan haka aka rene mu: abin da babba ya ɗora, ƙarami ba ya saukewa, ko da babban ya manta ya ɗora. Na tabbata kai kanka ba ka san ƙofar nan tana ci har yau ba. Wataƙila kuben yana cikin wata durowa tare da sauran tsarabar garuruwa.

Kuma kada in yi ta nuna wasu da yatsa. Wata rana da azahar, gari ya yi tsit, na sa filayata a aljihu na nufi ƙofar. Wayar tana saukowa ta jikin ƙafar ƙarfen, daidai kafaɗata, ga filaya mai hannun roba, ga ni na san aikin. Na tsaya a gabanta. Sai na tuna fuskarka lokacin da ka danna makunnin, da yadda ka waiwayo ka yi mana murmushi. Hannuna ya ƙi fita daga aljihu. Wani mai jaki ya zo wucewa ya yi mini sannu, na ce masa inuwa nake sha. Ƙofar da ko kaza ba za ta samu inuwa a gindinta ba. Na koma gida na mayar da filaya inda take, ashe ni ma ɗan garin ne.

Na biyar, jiya. Bayan azahar hadari ya taso da iska mai ƙarfi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke gab da la'asar. Na idar da salla na kunna akwati don sabo, ina jiran suyar da na saba. Sai na ji shiru, irin shirun da, mai ɗan huci a ƙasa, wanda na yi zaton ba zan sake ji ba. Na leƙa waje. Reshen dogon yaro ya karye ya faɗa kan wayar da ke ba ƙofar wuta ya tsinke ta, layin gidaje kuwa bai taɓu ba. BARKA DA ZUWA ta yi baƙi ƙirin. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar ta a wannan hali ba.

Na koma da gudu, da gudun gaske, ni da na manta rabona da gudu. Na kira Kebbe. Muryar Malam Bello ta fito kamar yana zaune a kan tabarmata, har ƙarar kujerarsa na ji. Ya yi salati, ni ma na yi, ya ce in riƙe, ya tafi kiran Luba. Na ƙwala wa Hajara kira ta fito da muciya a hannu, babu mayafi.

Sai ga muryar yarinyar nan, tana haki tana dariya: "Baba, kuna ji na? Ku ce ma Inna duk abin da taka faɗi ina ji, har maƙwabta sun hardace. Ta rage." Na miƙa wa Hajara abin magana. Matar da ta yi wata da watanni tana wa'azi ita kaɗai, jiya ta danna maɓalli, sai sunan 'yarta take kira. Ni kuwa na juya fuska bango, don maganar uwa da 'ya ce, rediyo kuma ba shi da labule. Amma kunnena bai juya ba. Na ji Luba ta ce tana cin abinci, na ji ta ce kunun kanwa ya ishe ta. Na ji ta ce, tana dariya, "Ƙafafuna sun kumbura, takalmina ba su shiga, nashi nika sawa," wato na mijinta. Ni na yi dariya. Hajara ba ta yi ba.

Daga nan Malam Bello ya karɓa, da muryarsa ta aiki, wadda na san ta bambanta da ta hira. Ya ce, "Malam Mamman, batun ƙafafun ga, abin da nika so ka yi shi na..." Sai man gyaɗa ya sake tafasa.

Na fita. Ga Garba a kan turke, ruwa yana ɗiga daga rigarsa, ya haɗa wayar, ƙofa ta dawo tana gudu ja da kore. Ya hango ni ya ɗaga mini filayarsa da fara'a, yana jiran yabo. Ranka ya daɗe, unguwar bayan kasuwa ta taɓa yin mako cikin duhu ba a leƙa ta ba, amma ƙofarka ko laka ba ta bushe ba aka gyara ta. Idan ana ba da lambar yabo ta saurin aiki, ina roƙo a fara da Garba, sannan a ba shi hutu mai tsawo.

To ka ji dalilin murnata, ka kuma ji inda ta tsaya. Na ji 'yata da kunnena, tana da rai tana da dariya, wannan kaɗai ya isa in yi ta rawar kai har mako. Na tabbatar wa duk garin nan cewa ba taɓuwa na yi ba, ƙofa ce. Amma ban san abin da Malam Bello yake so in yi ba. Na faɗa masa ta iska ya aiko da bayani ta hannun duk wanda zai haye, kuma zai aiko, sai dai mai hayewa sai ya ga ruwa ya ja baya. Yau ana iya jiran ɗan aike. Ranar da abin zai zo ba za a iya ba, kuma watan Luba ya kusa kamawa.

Saboda haka ga roƙona, kuma bai da nauyi. In da hali, ka dawo. Wallahi za mu tarye ka fiye da na farko, mu kira makaɗan nan, mata su yi guɗa, ka sa mabuɗi ka danna makunnin nan sama, ni kuma in yi tafi har hulata ta sake faɗuwa. Ba a taɓa bikin kashe wuta a jihar nan ba, sai mu zama na farko. In aiki ya yi maka yawa, ka ba direba kuben ya kawo, in sa kwandansa a mayar maka da abinka. In kuben ya ɓace, ka aiko da kalma ɗaya ta bakin wanda Garba zai yarda da shi, cewa ka ga maraba, ka gode, a bar ta ta huta. Ko zuwa bayan suna ne a yi, in ya so a sake kunna ta, ni da kaina zan riƙa goge mata ƙwayaye.

Ina kuma ba da shawara, duk garin da za ka je kunna wuta nan gaba, kafin ka shiga mota ka waiwaya ka ce musu sun iya kashe ta ado idan taro ya watse. Ba za su yi da kansu ba, na san mu.

Abu na ƙarshe, don kada ka ji shi a bakin wani. Hajara ba ta halarci bikinka ba, tana gida tana tuƙa tuwon baƙi, saboda haka ba ta ga murmushin nan da ya riƙe mini hannu ba. Yau da safe ta kawo mini kunu, ta tsaya ba ta tafi ba, ta ce, "Malam, ina kaka aje filayarka?" Na daɗe ina juya ludayi a cikin kwano. Ina fata saƙonka ya riga ta isa gindin ƙofar nan, don mutuncinka da namu. Amma na gaya mata inda take, na kuma nuna mata mai hannun roba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya dafa maka a kan ayyukan da ke gabanka, ya haskaka gidanka kamar yadda ka haskaka namu. Allah ya sauki duk masu juna biyu lafiya, na kusa da asibiti da na bayan gulbi, ya sa in ji kukan jikana da kunnena.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Muhammadu Ige Mai Waya,
gidan farko a hannun dama, Tambuwal.